Inganci da Karɓuwa: Tarbiyyar da ke Cikin Hukunce-hukuncen Azumi

Duk wanda ya saba sauraron filin amsa tambayoyi a gidajen rediyon Kano, Kaduna, Sakkwato ko Damagaram a watan Ramadan ya san irin tambayoyin da ke zuwa wa malamai. Allura tana karya azumi? Idan na ɗiga magani a ido na ji ɗacinsa a maƙogwaro fa? Mai girki za ta iya ɗanɗana miya? Makilin fa, da turaren wuta, da haɗiye kaki? Bara an yi su, bana an yi, baɗi ma in Allah ya kai mu za a sake yi. Tambayoyi ne na ƙwarai, domin mai yin su yana tsoron kada ibadarsa ta lalace. Sai dai kusan dukkansu a maƙogwaro suka tsaya. Da wuya ka ji ɗan kasuwa ya bugo waya yana tambayar matsayin azuminsa bayan ya ɓoye buhunan sukari tun watan Rajab yana jiran farashi ya tashi, ko magidanci yana tambaya game da matarsa da wata ya ƙare ba ta ji tafsiri ko na yini ɗaya ba saboda tana bakin murhu.

Mun saba raba maganar azumi gida biyu. Hukunce-hukunce na malamin fiƙihu ne, shi zai faɗi abin da ke karyawa da abin da ba ya karyawa. Darussan tarbiyya kuwa na mai wa'azi ne, shi zai yi maganar haƙuri da tausayi da tsoron Allah. Na farko ana ɗaukarsa dole, na biyu ana ɗaukarsa ƙarin lada ga mai so. Ina ganin wannan rabon ya cutar da mu, kuma littattafan da muke karantawa a zaurukanmu ba su yarda da shi ba. Wanda ya natsu ya bi babin azumi a cikin Risala ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, ko Muhtasar na Halilu ɗan Ishaƙ, zai tarar tarbiyyar tana cikin hukuncin kansa: a cikin inda aka tsananta, da inda aka sassauta, da kuma wanda ake tura mutum wurinsa idan ya yi ɓarna yana son gyarawa.

An farlanta azumin Ramadan a watan Sha'aban na shekara ta 2 bayan hijira, daidai da 624 miladiyya, kuma Manzon Allah (SAW) ya azumci Ramadan tara kafin rasuwarsa. Hukuncin bai sauka da cikakkiyar surarsa lokaci ɗaya ba. Da farko an bai wa mai iko zaɓi, ko ya yi azumi ko ya ciyar da miskini, daga baya aka wajabta azumin a kan duk baligi mai lafiya da ke zaune a gida. Akwai kuma wani tsanani a farkon lamarin da yawancin masu azumi a yau ba su taɓa jin labarinsa ba: idan rana ta faɗi mutum ya yi barci kafin ya ci abinci, to ci ya haramta gare shi har faɗuwar rana ta gobe. Buhari ya ruwaito labarin wani mutumin Madina, Ƙaisu ɗan Sirma, wanda ya wuni yana aiki da azumi a bakinsa. Da ya dawo gida bai tarar da abinci ba, matarsa ta fita nemo masa, kafin ta dawo barci ya kwashe shi. Haka ya wayi gari da wani azumin ba tare da ya sa komai a cikinsa ba, rana na take tsaka ya suma. A kan irin wannan ne aya ta 187 ta Suratul Baƙara ta sauka, ta halatta ci da sha da kusantar iyali tun daga faɗuwar rana har ketowar alfijir. Wato iyakar da muke kiyayewa yau tsakanin sahur da buɗa-baki, a tarihinta akwai ma'aikaci matalauci da ya faɗi don yunwa, shari'a kuma ta dube shi ta sauƙaƙa wa al'umma baki ɗaya.

A ɗauki niyya. A mazhabar Malikiyya dole ne a kwana da niyya kafin alfijir, kuma niyya ɗaya a daren farko ta wadatar wa watan duka, sai in tafiya ko rashin lafiya ko haila ta yanke azumin, sannan a sabunta. Shafi'iyya suna ganin kowane dare da niyyarsa. Wannan saɓani sananne ne. Abin da ba a cika ambata ba shi ne wata mas'ala da Halilu ya kawo a jerin abubuwan da ke jawo kaffara: mutum ya warware niyyarsa da rana, ya ƙudurta a ransa cewa ya fita daga azumi, ko da bai kai komai bakinsa ba. A mashahurin zancen mazhaba azuminsa ya ɓaci. Babu wanda ya gan shi, babu loma, babu kurɓi, amma fiƙihu ya ce ya karya. Ga kuma wani can a bakin famfo yana alwala, ƙishirwa ta ishe shi, ruwa na cikin bakinsa, ba wanda zai san ya haɗiye ko bai haɗiye ba, ya furzar. Salla ana ganin mai yin ta, zakka akwai mai karɓa, hajji ana yin sa cikin taron miliyoyi. Azumi kuwa ba shi da siffar da ido zai kama. Malamai da yawa sun ce wannan na daga cikin dalilan da suka sa Allah ya keɓe azumi ya jingina shi ga kansa a hadisin ƙudusi. Saboda haka amana, wadda mai wa'azi zai kira darasin azumi, ita ce ma sharaɗin samuwarsa. Mutumin da ya yi kwana talatin yana riƙe amana a inda ba mai tsaronsa, ya kamata a ga alamar hakan ranar da aka bar shi shi kaɗai da kuɗin ofis ko dukiyar marayu.

Babin kaffara ya fi kowane babi nuna cewa zuciya shari'a take kallo. Malikiyya da Hanafiyya suna wajabta kaffara a kan wanda ya ci ko ya sha da gangan, Shafi'iyya da Hanbaliyya sun taƙaita ta ga saduwa da iyali. To amma a wurin Malikiyya ba kowane ci ne ke jawo ta ba. Sai wanda aka yi da gangan, cikin zaɓi, da sanin haramci, da keta alfarmar watan. Wanda ya ci da mantuwa ramuwa kawai ke kansa, kuma a nan ma sun fi sauran mazhabobi tsanani, domin jumhur, wato mafi yawan malamai, suna ganin azuminsa lafiya lau ne bisa hadisin da ya zo a kan mai mantuwa. Sannan suka buɗe wata ƙofa da suka kira tawili makusanci. Misali, mutum ya ci da mantuwa, sai ya zaci ai azumin ya riga ya karye, ya ci gaba da ci. Ko ya yi tafiyar da ba ta kai nisan ƙasaru ba, ya ɗauka an yi masa rangwame, ya sha ruwa. Duka biyun sun yi kuskure, za su rama, amma ba kaffara. Abincin da ya shiga cikinsu zai iya fin na mai ganganci yawa, duk da haka hukuncinsu ya fi sauƙi, domin ba su raina watan ba. Raini ake hukuntawa.

Kaffarar kanta abu uku ce: ciyar da miskinai sittin, kowanne mudu ɗaya da mudun Annabi, ko 'yanta baiwa ko bawa, ko azumin wata biyu a jere. Jumhur sun ce a jere suke, sai ka kasa 'yantawa za ka koma azumi, sai ka kasa azumi za ka ciyar. Malikiyya sun ce zaɓi ne, kuma ciyarwa ta fi. A nan ne littattafan usulu suke kawo wani labari da ya cancanci a tsaya a kansa. Sarkin Andalus Abdurrahman na biyu, wanda ya yi mulki a Ƙurɗuba daga 822 zuwa 852 miladiyya, ya afka wa wata kuyangarsa da rana a Ramadan, ya tara malamai yana neman mafita. Yahaya ɗan Yahaya Allaisi, almajirin Imam Malik wanda riwayarsa ta Muwaɗɗa ita ce ta fi yaɗuwa har a ƙasashenmu, ya ce masa ya azumci wata biyu a jere. Da suka fito sauran malamai suka tambaye shi dalilin da ya sa bai gaya wa sarki zaɓin da mazhaba ta ba shi ba. Ya nuna musu cewa da ya buɗe masa wannan ƙofar, mutumin da ke da bayi ba adadi zai iya maimaita laifin kullum yana 'yanta ɗaya, don haka ya ɗora masa wadda za ta yi masa wuya. Malaman usulu da yawa sun ƙi wannan fatawa, suka sa ta misalin maslahar da nassi ya soke, domin malami ba shi da ikon ƙuntata abin da shari'a ta yalwata saboda ya dubi arzikin mai tambaya. A ganina suna da gaskiya ta fuskar hukunci: in aka bar kowane mufti yana auna kaffara da aljihun mutane, ba za a san inda shari'a ta tsaya ba. Amma cutar da Yahaya ya hango tana nan. Mudu sittin da mudun Annabi bai cika buhun shinkafa mai kilo 50 ba. Attajirin da ke lissafin cewa zai sha azumi ya biya da abin da bai kai kuɗin man motarsa na mako ba, ya sauke abin da alƙali zai nema a wurinsa, amma tuba tana nan a wuyansa, kuma ita ba a auna ta da mudu.

A gefe guda kuma ga mutumin da ya zo wa Annabi (SAW) a ruɗe yana cewa ya halaka, ya sadu da matarsa da rana a Ramadan. Aka tambaye shi 'yantawa, ba shi da ita. Azumin wata biyu, ba zai iya ba. Ciyarwa, ba shi da abin ciyarwa. Ana zaune aka kawo kwandon dabino, Annabi ya miƙa masa ya ce ya je ya yi sadaka da shi. Mutumin ya rantse cewa duk faɗin Madina babu gidan da ya fi nasa buƙata. Annabi ya yi dariya ya ce ya kai wa iyalinsa. Buhari da Muslim duk sun kawo wannan. Ya zo da nadama ta gaskiya, ya koma gida da abinci.

A lura da inda hanyar gyara take bi kusan kowane lokaci. Mai kaffara, ciyarwa ce aka fi so gare shi. Wanda ya yi sakaci da ramuwa har wani Ramadan ya riske shi, zai rama kuma ya ciyar da mudu ɗaya a madadin kowace rana. Mai shayarwa da ta ajiye azumi don tsoron abin da zai sami jaririnta, a mashahurin zancen Malikiyya za ta rama ta ciyar. Tsoho da tsohuwar da ƙarfinsu ya ƙare, an so su ciyar. Sannan kowa da kowa, wanda ya ɓata da wanda bai ɓata ba, zai rufe watan da zakkar fid-da-kai, sa'i ɗaya, wato mudu huɗu na abincin da garin ya fi ci, gero ne ko dawa ko masara ko shinkafa, a fitar kafin sallar idi. Hadisin Ibnu Abbas da Abu Dawuda ya ruwaito ya ba ta dalili biyu: tsarkake mai azumi daga yasasshiyar magana da batsa, da kuma abinci ga miskinai. Laifi ne tsakanin bawa da Ubangijinsa, amma aka ce ya je ya gyara shi a ƙwaryar talaka. Da yunwa ce kaɗai abin nema, da kowace ɓarna da wata yunwar za a biya ta.

Yanzu sai rangwame, wanda a nan ne nake ganin mun fi kauce wa littattafanmu. Halilu ya lissafa abubuwan da ba ramuwa a cikinsu idan sun rinjayi mutum, kuma jerin yana da ban sha'awa: aman da ya zo da kansa, ƙudan da ya faɗa baki, ƙurar hanya, garin da ke tashi wa mai niƙa, ƙurar da ke tashi wa mai awo, da ta mai aikin farar ƙasa. Malamin da ya rubuta wannan a Masar a ƙarni na 14 miladiyya ya san akwai mutanen da sana'arsu cikin ƙura take, bai ce su bar neman abinci ba, bai kuma bar su cikin waswasi ba. Mai injin niƙa a unguwa da mai awon hatsi a kasuwar Dawanau suna cikin wannan sauƙin. Haka malaman Malikiyya na baya suka yi fatawa game da mai girbi: ya kwana da niyya, ya fita gona, idan wahala ta kai shi inda ba zai iya ba ya sha ruwa ya rama daga baya. Ba a yarda ya kwana da niyyar shan azumi ba, ba a kuma yarda ya kashe kansa ba.

Wannan ba mas'alar takarda ba ce a ƙasarmu. Shekarar hijira ta gaza ta miladiyya da kimanin kwana 11, don haka Ramadan yana zagaye yanayin shekara duka cikin kusan shekara 33. A tsakiyar shekarun 2010 da damina ya zo, lokacin noma. A 2023 da 2024 kuwa cikin bazara ya faɗo, watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi a Sakkwato da Maiduguri da Yamai yake haura maki 40. A dubi ɗan ga-ruwa da ƙarfe biyu na rana a irin wannan lokaci, yana tura kura mai jarka goma ko fiye a kan yashi, rigarsa ta jiƙe ta bushe har gishiri ya fito mata fari a baya, leɓɓansa sun tsage, ruwa yana fantsalo masa a ƙafa amma ba halin sha. Yawancin irinsu suna kai azuminsu, kuma ladansu na wurin Allah. Amma idan jiri ya ɗebi ɗayansu ya zauna a gindin bishiya ya sha ruwa, me muke ce masa? Halilu ya ce ajiye azumi wajibi ne a kan wanda ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani. Wajibi ya ce, bai ce an yarda ba kawai. Muslim ya ruwaito cewa a tafiyar buɗe Makka, Ramadan na shekara ta 8, da aka gaya wa Annabi (SAW) azumi ya galabaitar da mutane, ya nemi ƙoƙon ruwa bayan la'asar ya ɗaga shi kowa na gani ya sha. Da aka ce masa wasu sun ƙi ajiyewa, ya kira su masu saɓo.

Duk da haka a gidajenmu akwai mai ciki da ke ɗaukar azumi alhali likita ya hana ta, don kada kishiya ko dangin miji su ce raguwa ce. Akwai dattijo mai ciwon sukari ko ciwon ƙoda da ke ganin abin kunya ne jikokinsa su gan shi da kwano da rana. Akwai budurwar da ke fashin salla, tana tashi sahur tare da kowa, ta wuni da yunwar da ba lada a cikinta don kada yayyenta maza su gane. Wannan duk kunyar mutane ce, ta shiga ibadar da aka gina ta a kan rashin kula da idon mutane. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1997 ta fayyace abubuwan jinya da ba sa karya azumi, ciki har da ɗigon ido da allurar magani wadda ba ta abinci ba, sannan a 2009 ta yi zama a kan masu ciwon sukari ta rarraba su bisa girman haɗarin da ke kansu. Ilimin yana nan. Abin da ya rage shi ne maƙwabci da suruka su daina yi wa mai uzuri kallon mai laifi.

Mai karatu zai iya cewa: in dai tarbiyya tana cikin hukunci kamar yadda ake da'awa, me ya sa ƙarya da gulma ba sa karya azumi, alhali ɗigon ruwa yana karyawa? Tambaya ce mai ƙarfi, kuma magabata sun yi ta. Ibnu Hazmi na Andalus, wanda ya rasu a 456 bayan hijira, ya tafi a kan cewa saɓon da aka yi da gangan yana ɓata azumi, an kuma jingina wa Imam Auza'i cewa gulma tana karyawa. Hujjarsu hadisin Buhari ne da ke nuna cewa Allah ba ya buƙatar barin ci da shan wanda bai bar ƙarya da aiki da ita ba. Mazhabobi huɗu ba su bi wannan ba, kuma ina ganin sun dace. Da gulma tana wajabta ramuwa, da ba wanda zai san ko ya taɓa kai azumi ɗaya a rayuwarsa, an ma ruwaito makamancin wannan daga Imam Ahmad. Hukunci yana buƙatar iyakar da kowa zai gane, malami da jahili. Abin da jumhur suka yi shi ne bambance inganci da karɓuwa. Inganci yana nufin farilla ta sauka daga wuyanka, ba za a ce ka sake ba. Karɓuwa tana nufin an ba ka lada. Maƙaryaci ya samu na farko, na biyun kuwa hadisin ya riga ya ba shi labari. Fiƙihu kamar shingen gona yake: yana nuna inda gonar ta tsaya, yana hana dabbobi shiga, amma ba a taɓa cika rumbu da shinge ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan hijira, ya yi wa azumi hawa uku a cikin Ihya'u Ulumiddin: na gama-gari masu kame ciki da farji, na keɓantattu masu kame ido da kunne da harshe da sauran gaɓɓai, da na waɗanda suka kame zuciya ga barin duk abin da ba Allah ba. Hawa na uku na mutane kaɗan ne. Na biyun kuwa bai kamata a ɗauke shi ado ba, tunda duk abin da ke cikinsa haramun ne ko ba a Ramadan ba.

Tsarin ayoyin kansu ya isa hujja. Aya ta 183 ta Baƙara ta faɗi manufar azumi, wato taƙawa. Ta 185 ta bayyana cewa sauƙi Allah yake nufi da bayinsa. Ta 187 ta shata iyakokin dare da rana. Ayar da ke biye nan take, ta 188, ta hana cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna da kai ta gaban mahukunta don a cinye haƙƙin mutane. An gama hana ka abincinka na halal na wasu sa'o'i, sai aka ɗora da hana ka dukiyar wani har abada. Ga shi kuwa kowace shekara, ana ganin wata, sukari da gero da wake da mai da ƙanƙara sai su tashi. Wani tashin yawan buƙata ne ya kawo shi, ba laifin kowa, amma wani ɓoye kaya ne da tauye mudu da algus. Hukumar Hisba ta Kano takan kama masu ci a bainar jama'a da rana, kuma wannan yana da tushe, domin Halilu ya ambaci ladabtar da mai shan azumi da gangan, matuƙar an bincika uzurinsa tukuna. Amma tsofaffin littattafan hisba, irin su Ahkamus Suƙ na Yahaya ɗan Umar, malamin Malikiyya na ƙarni na 3 bayan hijira, kasuwa suka fi sa wa ido: ma'auni da farashi da ha'inci. Wanda ya sha azumi kansa ya cuta. Wanda ya danne gindin mudu ya cuci duk gidan da za a dama kunu da wannan geron.

Akwai wani haƙƙin da ya fi wannan kusa da mu. Gazali ya koka da yadda mutanen zamaninsa suke tara wa Ramadan nau'o'in abincin da ba sa ci a sauran watanni, ya nuna cewa rama abin da aka rasa da rana a lokacin buɗa-baki yana kashe manufar azumin. Bai ambaci wanda ke dafa abincin ba. A gidajenmu uwargida ce da 'yan matanta. Tun azahar an jiƙa wake an surfa, an aika yaro niƙa. La'asar na yi an ɗora kunun tsamiya, an fere dankali da doya, ana haɗa zoɓo da lamurje. Ƙarfe biyar tana tsugune gaban kasko tana sakin ƙosai, hayaƙi na shiga idonta, ita ma da azumi a bakinta, wataƙila da goyo a bayanta. Maigida yana masallaci wurin tafsiri. Ana kiran magariba ita ce ta ƙarshen zama, bayan asham ga tuwon dare, ƙarfe uku kuma ta tashi sahur. A goman ƙarshe, lokacin da ake neman daren Lailatul Ƙadri, sai a ƙara mata da dakan sallah da cincin. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki malaman zamaninsa a cikin Nurul Albab saboda barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna karantar da na waje, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa tsarin 'yan taru don ilimi ya isa ga mata har ƙauyuka. Ba za a ce jikokin wannan gado sun rasa abin koyi ba. Hidimar iyali ibada ce mai lada, wannan gaskiya ne, amma bai kamata ya zama abin da ake rufe wa mace baki da shi ba. Rage kala biyu daga kayan shan ruwa zai ba ta sa'a guda ta karatun Alƙur'ani, ya rage wa maigida kashe kuɗi, abin da aka rage kuma ya isa a miƙa wa maƙwabcin da ke buɗa baki da ruwa zalla.

Malamanmu da ke hawa kujerun tafsiri, waɗanda muryarsu ke shiga kowane gida ta rediyo da talabijin da waya, su ne suka fi kowa ikon gyara wannan. Idan an zo ayoyin azumi kada a tsaya a ta 187, a haɗa da ta 188 a zama ɗaya, a kira ɓoye kaya da tauye mudu da sunansu a gaban attajiran da ke sahun gaba. A faɗa wa mai ciwon ƙoda da mai cikin da likita ya hana, ba tare da kwana-kwana ba, cewa ajiye azumi shi ne biyayya a gare su. A kuma tambayi magidanta ko matan da suka baro a gida suna samun rabonsu na wannan wata.